Darasi: Tsara Gurbin Tuƙi, Mashiga da Hanyoyin Igiya a Jirgin Ruwa Mai Filafili

Jirgin ruwa mai filafili, wato wanda iska ke turawa ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗagawa a jikin dogon jigo, ana sarrafa shi ne daga wani ɗan ƙaramin wuri wanda galibi yake can wajen baya. Wannan wuri kwari ne da aka yanke a doron jirgin, mai kujeru biyu masu fuskantar juna da daɓe a tsakaninsu inda ƙafafu ke sauka, kuma a wannan darasi za a kira shi gurbin tuƙi. A gabansa akwai mashiga, wato ƙofa da matakalar da ake bi a sauka ɗakin ciki inda ake kwana da girki, sannan a kewayensa ne igiyoyin da ke ɗaga filafilai da masu juya su suke ƙarewa. Darasin ya shafi jiragen da tsawonsu ya kama daga mita 8 zuwa 14, irin waɗanda ake ƙerawa a Ingila da Faransa da Suwidin da Amurka, waɗanda mutum biyu zuwa shida kan ƙetare teku da su. Waɗannan sassa uku tare ake zana su, domin duk inda aka taɓa ɗaya sai sauran biyun sun motsa, kuma ma'aunin da ya kamata mai zane ya riƙe shi ne mutumin da ya gaji, ya jiƙe sharkaf, yake aiki cikin duhu a kan jirgin da iska ta karkatar, tun da shi ne zai biya kuɗin duk wani kuskuren da aka yi a kan takarda.

Gurbin tuƙi da nauyin ruwa

Matsalar farko ita ce gurbin tuƙi rami ne, rami kuwa ruwa yake tarawa. Idan raƙuman ruwa suka taso daga baya, ɗaya ya fashe a kan jirgin, gurbin yakan cika maƙil cikin ƙiftawar ido, kuma nauyin abin da ya shiga ya fi yadda mai koyo ke zato. Mita ɗaya ta kubik ta ruwan teku tana da nauyin kilo 1,025, saboda haka gurbin da tsawonsa mita 2, faɗinsa mita ɗaya da rabi, zurfinsa rabin mita zai ɗauki fiye da kilo 1,500. Jirgi mai mita 10 yakan kai tan huɗu zuwa biyar gaba ɗayansa, ke nan an ɗora masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a ƙarshen baya, inda zai danne shi, ya hana shi tashi ya hau raƙumin ruwan da ke biye. Wannan ne dalilin da ya sa jiragen da aka ƙera don dogon zango a da suke da matsattsen gurbi mai ɗan zurfi, wanda mutum huɗu ma sai sun matsa wa juna kafin su zauna.

Maganin shi ne gurbin ya riƙa zubar da ruwansa da kansa ba tare da an kwashe ba, kuma hakan ba ya yiwuwa sai daɓensa ya fi fuskar teku tsawo. Ƙa'idojin tseren nesa da gaɓa na hukumar World Sailing, wadda ke kula da wasan jiragen filafili a duniya, sun ce daɓen ya ɗara layin ruwa da aƙalla kashi 2 cikin ɗari na tsawon jirgin a wannan layi, wato santimita 16 ga jirgin da tsawonsa a ruwa ya kai mita 8. Layin ruwa shi ne iyakar inda teku ke kaiwa a jikin jirgi idan yana ɗauke da kayansa. Ƙa'idojin sun kuma ƙayyade rariyoyin da ruwan zai bi: ƙaramin jirgin da bai kai mita 8.5 ba yana buƙatar abin da ya kai ƙofofi biyu masu faɗin milimita 25, wanda ya kai ko ya wuce haka kuma ƙofofi huɗu masu milimita 20. Akwai kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 11812 wanda maƙeran Turai ke bi a kan wannan batu.

Waɗannan alƙaluma mafi ƙaranci ne, kuma mai zane mai hankali ba ya tsayawa a kansu. Idan aka ƙaddara cewa rariyoyin suna fitar da lita huɗu a kowane sakan, gurbin da aka kwatanta a sama zai ɗauki fiye da minti shida kafin ya ƙare tsiyayewa, alhali raƙuman ruwa na zuwa ne 'yan sakanni kaɗan a bayan juna. Abin da ke taimaka wa mai zane shi ne yadda bakin bututu ke ƙaruwa: idan aka ninka faɗinsa sau biyu, filin bakinsa yana ninkuwa sau huɗu, ta yadda bututu ɗaya mai milimita 40 daidai yake da huɗu masu milimita 20, sannan ya fi su wuyar toshewa da gashi da ɓawon gyaɗa da guntun igiya. A jiragen da daɓensu ke kusa da ruwa akan gitta tiyo biyu na rariyoyin a ƙarƙashi, na dama ya fita ta hagu, na hagu ya fita ta dama, domin kada ruwa ya dawo ta rariyar ɓangaren da ya nutse idan jirgin ya karkata. Jiragen zamani masu faɗin baya sun bi wata hanya dabam, inda ake barin bayan gurbin a buɗe ɗungurungum, ruwan da ya shiga ya fice nan take, ko da yake duk abin da ya suɓuce daga hannu, har da ƙaramin yaro, hanyar nan zai bi idan ba a gitta shinge ba.

Bayan ruwa sai jikin mutum. Jirgi mai tafiya yana fuskantar iska yakan karkata digiri 15 zuwa 25 na tsawon sa'o'i ko kwanaki, kuma wanda ke zaune a ɓangaren sama yana buƙatar abin da zai tokare ƙafafunsa, in ba haka ba sai ya yi ta zamewa har cinyoyinsa su sage. Saboda haka tazarar da ke tsakanin kujerun biyu ba ta wuce inda ƙafar mutum matsakaici za ta kai, wato wajen santimita 60 zuwa 70, idan kuwa gurbin ya fi haka faɗi sai a kafa matoki ko teburi mai ƙarfi a tsakiya. Ana so kujera ta kai kusan mita biyu domin mai gadin dare ya iya miƙewa, ta ɗan gangara baya, a kuma yi mata kwalbati a gindin majingina don kada ruwa ya kwanta inda ake zama. Majinginar, wato ɗan tudun da ya kewaye gurbin, aiki biyu take yi: tana tare ruwan da ke gangarowa daga doron jirgi, kuma a kanta ake kafa na'urorin jan igiya. Game da abin tuƙi, doguwar sandar da ke haɗe kai tsaye da allon juya jirgi ta fi sauƙin gyara kuma tana isar da motsin ruwa zuwa hannu, sai dai tana share rabin gurbin idan tana kai da komo, shi kuwa sitiyari yana cin wuri guda tsayayye amma yana zuwa da sarƙa da wayoyin da ke buƙatar dubawa. Wasu maƙera, kamar kamfanin Hallberg-Rassy na Suwidin, sun yi suna wajen sanya gurbin a tsakiyar jirgi, inda ya yi nisa da raƙuman baya kuma ya ba da damar yin babban ɗaki a bayansa, amma mazauninsa yana can sama inda lilon jirgi ya fi tsanani.

Mashiga

Ruwan da ya cika gurbi yana da hanyar fita, wanda ya shiga ɗakin ciki kuwa ba shi da ita sai famfo da bokiti, kuma mashiga ita ce babbar kafar da ke tsakanin wuraren biyu. Tana da ɓangarori uku: murfi mai zamewa a sama, alluna biyu ko uku da ake zurawa cikin kwarin da ke gefunan ƙofa ɗaya a kan ɗaya, da kuma dokin ƙofa a ƙasa. Aikin dokin ƙofar jirgi ɗaya ne da na ɗakin da ke fuskantar tsakar gida da damina, wato hana ruwan da ya taru a waje malalowa ciki, sai dai a jirgin teku ana so ya kai tsawon kujerun gurbi, ya zama wani dakali da ya haɗa su, wanda dole a hau shi kafin a sauka. Masu sayen jirgi da yawa ba sa son wannan hawa da sauka, shi ya sa maƙeran da ke neman kasuwa suke sassauta shi har ya kusa daɓe, su bar allon ƙasa ya yi aikinsa. Hakan na iya wadatarwa muddin allon na nan a wurinsa, kuma a nan ne tarihi ya koyar da darasi mai ɗaci.

A watan Agusta na 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes a kudancin Ingila domin tseren Fastnet, mai nisan fiye da mil 600 na teku, wanda ke zagaya wani dutse a kudu maso yammacin Ailan ya ƙare a Plymouth. A daren 13 ga wata zuwa wayewar 14 wata mummunar guguwa ta rutsa da su a tsakanin Ingila da Ailan, 'yan tsere 15 suka rasu, aka bar jirage 24 a teku, biyar suka nutse. Jirage da dama raƙuman ruwa sun kwantar da su har jigonsu ya taɓa ruwa, wasu kuma sun kife sun sake miƙewa. Binciken da ƙungiyoyin Royal Yachting Association da Royal Ocean Racing Club suka gudanar ya nuna cewa allunan mashiga na cikin wuraren da ruwa ya samu hanya, domin babu abin da ke riƙe su sai nauyinsu, da jirgi ya kife sai su zame su faɗa teku, ƙofa ta zauna a wangale. Abin da ya fi sosa zuciya shi ne 19 daga cikin jiragen 24 da mutanensu suka guje wa an same su daga baya suna yawo a kan ruwa ba su nutse ba, alhali wasu daga cikin waɗanda suka koma cikin ƙananan kwale-kwalen ceto na roba sun rasa rayukansu. Mutumin da ke ganin ruwa na kwararowa ta ƙofar da ba zai iya rufewa ba yana da uzuri idan ya ɗauka jirginsa ya ƙare.

Daga irin wannan ne ƙa'idojin yau suka ƙarfafa cewa kowane allo a ɗaure shi da jirgin da igiya ko da ba a zura shi ba, kuma a samu sakata mai ƙarfi wadda za a iya buɗewa daga ciki da kuma daga waje, har a lokacin da jirgin yake kife. Siffar ƙofar ma tana da tasiri. Ƙofar da ta yi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa tana da daɗin sha'ani, domin ɗan ɗagawa kaɗan ya isa a cire allo, to amma wannan sauƙin shi ne aibinta, tun da ɗan zamewa kaɗan ya isa allon ya fice da kansa, alhali mai gefuna miƙaƙƙu sai an zare shi har sama kafin ya rabu da kwarinsa. Haka kuma mashigar da ke daidai tsakiyar jirgi ta fi wadda aka karkatar gefe guda, domin idan jirgin ya kwanta ta wannan gefen, wadda aka karkatar ita ce za ta riga shiga ruwa.

Matakalar da ke ƙarƙashi tsaye take kusan kamar tsani, sau da yawa tana rufe da injin jirgi, kuma a kanta ake yawan samun karayar haƙarƙari. Ana ɗaga ƙarshen kowane mataki hagu da dama domin ƙafa ta samu wuri shimfiɗaɗɗe idan jirgi ya karkata, ana manna masa abin hana santsi, ana kuma jera mariƙai ta yadda hannu ba zai saki ɗaya ba sai ya kama na gaba. A bakin ƙofar daga waje, inda hannu zai kai tun mutum yana kan matakala, ake kafa zoben ƙarfe mai ƙarfi wanda zai maƙala igiyar ɗamararsa ta tsaro kafin ya fito, kuma ba zai kwance ta ba sai ya koma ciki, domin lokacin da rabin jikinsa ke waje, hannayensa suna kan mariƙai, shi ne lokacin da ya fi sauƙin faɗawa teku.

Hanyoyin igiya

Igiyoyin jirgi kashi uku ne bisa aikinsu. Akwai igiyoyin ɗagawa, masu hawa kan jigo su ja filafili sama. Akwai igiyoyin linzami, masu jawo filafili ciki ko sake shi waje gwargwadon inda iska ke fitowa, waɗanda ake taɓawa a kai a kai. Sannan akwai igiyoyin ragewa, waɗanda ake naɗe wani sashe na filafili da su idan iska ta yi yawa. Ƙarfin da ke kansu ba abin wasa ba ne, domin matsin iska yana ƙaruwa da ninkin gudunta a kanta, wato idan gudun iska ya ninka sau biyu, jan da take yi wa filafili ya ninka sau huɗu.

Babbar muhawarar masu zane ita ce ko a bar igiyoyin ɗagawa da na ragewa a gindin jigo, mutum ya taka ya je can, ko kuwa a jawo su duka zuwa gurbin tuƙi. Wanda ya kai ra'ayi na biyu ƙololuwarsa shi ne Blondie Hasler, Baturen Ingila, wanda a 1960 ya zo na biyu a tseren farko na ƙetare Tekun Atalantika mutum shi kaɗai, daga Plymouth zuwa New York, a cikin ƙaramin jirginsa Jester mai tsawon ƙasa da mita 8. Ya yi amfani da filafili irin na jiragen Sin, ya kuma kawo dukkan igiyoyin bakin wata 'yar kafa mai zagaye a rufin ɗaki, yana sarrafa komai daga nan ba tare da ya fita doron jirgi ba. Hujjar wannan tsari a bayyane take: wanda ba sai ya rarrafa zuwa jigo cikin duhu ba zai fi saurin rage filafili tun iska ba ta gagara ba. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne gogayya. Igiyar da ta sauko daga jigo sai ta bi fuli, wato 'yar taya mai kwari a gefenta, ta juya a gindinsa, ta bi wani jerin fuli a kan rufin ɗaki ta sake juyawa, ta ratsa kuloci, kafin ta iso hannu, kuma kowane lanƙwasa yana cin wani abu daga ƙarfin mai ja. Kulocin igiya wani ɗan akwati ne mai hannu wanda ke barin igiya ta wuce ta hanya ɗaya ya hana ta komawa, kuma shi ne ya sa igiyoyi huɗu ko biyar suke iya raba na'urar ja guda. Tsarin da ya fi kowanne muni shi ne na rabi da rabi, inda igiyar ɗagawa take a gurbi, ta ragewa kuma a jigo, domin yana tilasta wa mutum ɗaya ya kasance a wuri biyu a lokacin da jirgi ke tsalle. Duk igiyoyin da aiki ɗaya ke buƙata ya kamata su ƙare a wuri ɗaya, ko can ko nan.

Na'urar jan igiya, wadda ake kira winci, ganga ce ta ƙarfe mai juyawa ta hanya ɗaya, galibi yadda hannun agogo ke tafiya, ana naɗa mata igiya sau uku ko huɗu a juya ta da mariƙi. Lambar da ke rubuce a kanta tana nuna yawan ninkin ƙarfinta: idan mariƙin ya kai milimita 250, faɗin gangar milimita 75, giyar ciki kuma tana rage juyi sau shida, ninkin ya kai 40, ke nan ƙarfin kilo 15 a hannu ya zama kusan kilo 600 a lissafi, ko da yake gogayya tana rage wani kaso. Wurin kafa ta yana buƙatar natsuwa ƙwarai. Dole igiya ta iso gangar daga ɗan ƙasa, da karkata ta 'yan digiri kaɗan, wajen biyar zuwa takwas, domin idan ta zo daga sama naɗin ƙasa zai hau kan na sama ya cije, igiya ta ƙi gaba ta ƙi baya alhali filafili na cike da iska, wani lokaci ma sai wuƙa ce ke raba gardama. Dole mariƙin ya iya zagayawa gaba ɗaya ba tare da dunƙulen hannu ya bugi ƙarfen rumfar da ke kare mashiga ko wayar shinge ba, kuma dole mai juyawa ya samu inda zai durƙusa kafaɗunsa su kasance a saman gangar, tun da da nauyin jiki ake juya winci. Idan mutum biyu ne kawai a jirgi, ɗaya yana barci, wajibi ne hannun matuƙi ya kai ga wincin linzami ba tare da ya saki abin tuƙi ba.

Fulin da ke juya igiya yana ɗaukar nauyin da ya danganta da girman juyin, kuma wannan lissafi ne da masu gyaran jirgi da kansu suke yawan mantawa. Idan igiya ta lanƙwasa digiri 30, fulin yana jin kusan rabin jan da ke kanta. A digiri 60 yana jin daidai da shi. A digiri 90 ya kai kusan ɗaya da rabi. Idan kuwa ta yi ribas gaba ɗaya, digiri 180, nauyin ya ninka sau biyu. Saboda haka igiyar da ke ɗauke da kilo 500 tana iya ɗora tan guda a kan fulin da ya mayar da ita baya, kuma idan ƙusoshinsa suka tumɓuke, shi da igiyar za su harba ta cikin kusurwar da suka yi, wurin da bai kamata a taɓa sanya kujera ba. Kowane ƙarfe mai ɗaukar nauyi ana ɗaure shi da noti da ya ratsa doron jirgi zuwa faffaɗan faranti a ƙarƙashi.

Linzamin babban filafili ya fi kowace igiya haɗari, domin yana haɗe da sandar kwance, wato doguwar sandar da ke riƙe gindin filafilin, wadda kan share daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin da ya isa kashe mutum idan iska ta kewayo ta baya ba zato. Idan aka kafa gindin linzamin a cikin gurbi, yana kama ƙarshen sandar inda ja ya fi sauƙi kuma yana kusa da matuƙi, amma igiyoyinsa na ratsa inda mutane ke zaune. Idan aka kafa shi a kan dokin ƙofa, yana gitta wa mai fitowa daga mashiga a daidai wuyansa. Idan kuma aka kai shi rufin ɗaki, gurbin ya kuɓuta, sai dai yana kama sandar a tsakiya, inda jan ya kusan ninkuwa, ga shi ya yi nisa da hannun da ya kamata ya sake shi cikin gaggawa. Babu zaɓin da ba shi da illa a cikin ukun, kuma amsar tana ga sanin su wa za su yi tafiya a jirgin: 'yan tsere ƙwararru za su karɓi na farko, iyali masu yara ƙanana kuwa na uku ya fi musu, musamman idan aka raba igiyar biyu aka dawo da kowane reshe ta gefen jirgi zuwa wincin da ke kusa da matuƙi.

Jelar igiya ma tana buƙatar mazauni, domin idan filafili ya hau sama, igiyar ɗagawarsa takan bar mita goma ko fiye a gurbi, wadda in ba a tanadar mata jaka ko aljihu ba za ta zube a daɓe ta harɗe ƙafa, ta toshe rariya, ko ta sulale teku ta naɗe farfelar inji. Ana bambanta igiyoyi da launi, amma da yake launi ba ya amfani da dare, jerinsu a kuloci ya kamata ya bi tsarin da hannu zai haddace, a ce igiyar ɗaga babban filafili da na ragewarsa suna gefe guda bi da bi. Kafin a huda rami ko ɗaya, maƙera masu kula sukan haɗa samfurin gurbin da katakon filawud daidai girmansa, su tokare gefe ɗaya har ya karkata digiri 20, su sa mafi gajarta da mafi ƙarancin ƙarfi a cikin waɗanda za su yi tafiyar ya zauna a mazaunin matuƙi sanye da rigar ruwa da safar hannu, ya miƙa hannu zuwa kowace igiya, ya juya mariƙi, ya haura dokin ƙofa, sannan a yi alama da fensir a inda hannunsa ya kai, a kafa ƙarafan a nan.